Hadari da Haɗari

Layukan gwajin shafin da ta gina suna gangarowa a fuskar kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, kowanne kore shar, lokacin da wayar Lubabatu ta fara kuka a gefen teburin. Ba ta ɗauka da wuri ba. Akwai wani daɗi da take ji idan koren nan yana jeruwa, daɗin da ba ta taɓa iya bayyana wa kowa a gidansu ba, don haka ta bar wayar ta gaji don kanta. Sai da ta sake ɗaukar kuka ta duba, ta ga sunan Jaye, ɗan baffanta da ke kiwo a daji tare da mahaifinsa.

"Adda Luba, kina jina?" Muryarsa tana zuwa tana yankewa. "Bisa tudu nike, nan kaɗai waya ke samun rezo. Shanu na faɗuwa, Adda. Tun safe suke faɗuwa, jini na hito masu ta hanci."

Ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. "Kuna ina?"

"Fadamar Ƙirya. Jiya da hantsi muka sauka."

"Fadamar Ƙirya? Wa ya kai ku can? Ba ku ga ja a wayar Bappa ba?"

"Wane ja? Shuɗi ne, Adda. Bappa ya nuna mani, na gani da idona. Shi ya sa ma..."

Layin ya mutu. Ta kira, ta sake kira, matar nan ta cikin waya tana ta ba ta haƙuri da Faransanci.

Buron ƙungiyar makiyaya na Gazawa ɗaki ɗaya ne a bayan kasuwa, da fanka mai juyawa idan ta ga dama. Mutum biyu ke aiki a ciki: Lubabatu, da Abdurrahaman, ɗan wani mai sayar da wake a Cadawa, wanda a lokacin yake zaune da ƙafa ɗaya kan kujera yana cin gyaɗa. Su biyun suka gina shafin da ƙungiyar ke alfahari da shi, taswira ce da makiyayi zai buɗe a wayarsa ya ga halin da daji yake ciki. Da yake yawancin masu buɗe ta ba su yi lakol ba balle su iya karatu, Lubabatu ta dage tun farko cewa launi ne zai yi magana, ba rubutu ba. Inda hadari ya taso aka yi ruwa, wurin ya yi shuɗi: a tafi, ciyawa na fitowa. Inda akwai haɗari, ko ciwo ko ɓarayin shanu, wurin ya yi ja: kar a kusanta. Kuma ita da hannunta ta shigar da saƙon Malam Tahiru, likitan dabbobi, ranar da ya zo ya ce ciwon saifa ya ɓulla a Fadamar Ƙirya, kar ƙafar dabba ta taka wurin.

Ta zauna ta buɗe taswirar. Fadamar Ƙirya tana nan arewa da gari, shuɗiya fes, kyakkyawa, tana kiran duk mai saniya mai jin yunwa.

"Abdurrahaman," ta ce. "Zo ka gani."

Ya taso yana karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. "Bafillata, me kuma aka yi? Ba yanzu na ga komai kore ba?"

Da ya ga fuskarta, sai ya daina murmushi. Ta buɗe fayil ɗin adon shafin, inda launuka suke. Ƙa'idar aikin mai sauƙi ce: kowane launi ana raɗa masa suna sau ɗaya a wuri ɗaya, sauran shafin duk ya riƙa kiran sunan. Idan ka so canza launi, sai ka canza a nan, ko'ina ya bi. Mutanen da suka koya mata aikin a Maradi da Faransanci suke raɗa sunayen, ko da Turanci. Ita ta ce a'a, shafin makiyaya ne, da Hausa za a raɗa, kuma Hausar da ke da lanƙwasarta cikakkiya. Ta yi wa ja suna haɗari, ta yi wa shuɗi suna hadari, har ta nuna wa Abdurrahaman tana dariya, ta ce ya ga yadda ƙugiya ɗaya ke raba rahama da bala'i.

Yanzu ga layukan biyu a gabanta, ɗaya a saman ɗaya. Na sama: hadari, ja. Na ƙasa: hadari, shuɗi. Ƙugiyar ta tafi. Idan kuwa suna ɗaya ya zo sau biyu, inji ba ya tambayar kowa, na ƙasa yake ɗauka ya manta da na sama.

"Ina lanƙwasar?" ta tambaya. Muryarta ta fito a hankali ƙwarai.

Abdurrahaman ya sunkuya, ya karanta, ya sake karantawa. "Ai... ranar da muka koma sabon tsarin nan ne. Kin tahi asibiti da Innarki. Abin da ke haɗa fayilolin ya yi ta ƙorafi a injina, wai bai san haruffan ga ba. Sai na sa aka bi sunayen duka aka miƙe su. Ɗ ta koma d, ƙ ta koma k. Wallahi duka-duka abin da na yi ke nan."

"Duka sunayen."

"Luba, kowa haka yake rubutu a waya. Ke ma haka kike mani saƙo. Wa ke neman ƙugiya? Ai ana ganewa."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ciwo. Daga Gazawa har Katsina, mutum zai rubuta wa ɗan'uwansa cewa an yi hadari a hanyar Agye, mai karantawa ya dubi wata, ya dubi sama, ya san ko ruwa ake nufi ko mota ta kife. Inji kuwa ba ya duban sama.

"Kuma na yi gwaji bayan nan," ya ce, yana nuna layukan da har yanzu suke jere a ɗaya gefen. "Ga shi nan. Kore duka. Da akwai matsala ai da ya yi ja."

Ba ta buƙatar buɗe fayil ɗin tsarin gwajin, ta san abin da ke ciki, amma ta buɗe. A tsakiyar rani, lokacin da wuta ke zuwa kamar baƙon da ke sauri, tsohuwar kwamfutarta kan mutu kafin gwaji ya kai ƙarshe. Ta nemi abin da ke cin lokaci, ta ga loda fayilolin ado ne, sai ta kashe shi da kalma ɗaya. Gwajin ya koma gudu kamar iska. A saman layin ta bar wa kanta ɗan rubutu: a mayar idan wuta ta daidaita. Wuta ba ta daidaita ba, ita kuma ta manta. Tun daga ranar gwajinta makaho ne, yana jin suna, ba ya ganin launi. Da miƙewar haruffan ta bi ta kan komai, har cikin gwajin ta shiga ta miƙe tambayar ma. Gwajin yana tambaya, wurin nan sunansa hadari? Shafin ya ce, hadari. Sai kore.

"Ni na kashe," ta ce. "Ba ya ganin launi. Ni na rufe mashi ido."

Gyaran bai ɗauki lokacin shan kofin ruwa ba, kuma wannan ma wani cin mutunci ne. Ta goge sunayen biyu. Ja ta kira shi kar-a-je, shuɗi ta kira shi ruwa-ya-sauka, sunaye marasa kyan gani waɗanda ko jaki ba zai rikita ba. Ta bi shafin ta canza duk inda ake kiransu, ta tura. Taswirar ta lumshe ta buɗe, Fadamar Ƙirya ta yi ja kamar garwashi. Wasu wurare ma can wajen iyaka suka yi ja tare da ita.

"Alhamdulillahi," in ji Abdurrahaman. "Ya gyaru."

"A nan ya gyaru."

Ya dube ta, sannan ya gane, ya dafa kansa da hannu biyu. Abin da suka fi yin taƙama da shi a gaban shugabannin ƙungiya shi ne shafin yana aiki ko babu rezo. Da zarar waya ta sauke shi a gari, sai ta riƙe shi a cikinta, makiyayi ya shiga daji da abinsa. Wayar Bappa ta sauke shuɗin ranar kasuwa, kuma za ta riƙe shi da aminci har sai ta sake ganin rezo. Lubabatu ta yi makonni tana wahala kafin wannan dabarar ta yi aiki.

Ta ɗauki mayafinta. "Ka kira Malam Tahiru ka ce ya biyo ni da allura. Ka je gidan rediyo su yi shela, duk mai taswirar ƙungiya kar ya yarda da shuɗi sai ya shigo gari. In ka dawo ka kunna launi a gwajin."

"In zo mu tahi tare?"

"Ka zo ka yi me? Ka miƙe masu ƙaho?"

Ta ga yadda maganar ta same shi, ta kuma san rabin laifin nata ne, ko fiye da rabi. Ba ta da sararin ba shi haƙuri. Ta fita.

A tashar 'yan kabu-kabu ta sami Nomau, wani dattijo mai babur wanda ya san hanyoyin shanu fiye da kwalta. Da ta ce Fadamar Ƙirya, ya dubi takalmanta na buro, ya dubi rana, ya tada injin. Suka bar gari, suka bar kwalta, suka shiga rairayi. Gonaki a share suke ko'ina, wasu har an yi binne ana jiran sama. Ƙasar ta bushe ƙamas. A gefen hanya wata saniya tana lasar kwali, ƙasusuwan ƙugunta a tsaye kamar an rataye buhu a turke biyu.

"Ke ce ɗiyar buron makiyaya ko?" Nomau ya tambaya yana ɗaga murya saboda iska. "Mai taswirar nan? Kai, Allah shi yi maki albarka. Shekaranjiya na kai wani Bahillace Cadawa, tun daga nan har can labarinta yake mani. Ya ce da sai an aiki mutum bisa raƙumi ya nemo inda ruwa ya sauka, yanzu ko sai dai a latsa."

"Amin," ta ce.

Ta so ya yi shiru, ya kuwa ƙi. Ta bar maganarsa tana wucewa ta gefen kunnenta, zuciyarta ta tafi wajen Bappa. Ƙanen mahaifinta ne, shi ya ɗauke ta tana rarrafe lokacin da mahaifin ya rasu. Shi ya kai ta lakol a kan jaki, 'yan'uwa suna masa dariya wai zai mai da 'yar Fulani Bahaushiya. Bai taɓa tambayarta me ake koya mata ba. Da ta fara aiki ta saya masa babbar waya, ta zauna da shi a gindin gawo ta koya masa launukan, ya sa wani baduku ya ɗinka wa wayar kube na fata, yake rataye ta a wuya tare da layunsa. A kasuwa idan ana gardamar inda ruwa ya sauka, sai ya zaro ta a hankali ya ce, ɗiyata ta yi wannan, ba ta ƙarya. Bappa mutum ne mai kunyar yabon nasa, irin kunyar da ke hana Bafulatani kiran sunan ɗansa na fari. A kan taswirar nan kaɗai kunyar ta sake shi.

Tsoro ya cika ta, da wata irin kunya da ba ta taɓa ji ba, har ta ji da ma babur ɗin ya lalace a hanya. Bai lalace ba.

Ƙamshin ne ya fara tarbarsu, ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa. Suka hau wani tudu, sai ga fadamar a ƙasa, kore shar, ciyawa sabuwa ta rufe ta har bakin tabki. An yi ruwa a nan da gaske. Duk wanda ya zo da shanun da suka yi rani suna cin kara da kwali, ya ga wannan, zai ce wayar ta faɗi gaskiya. Bukkoki sun fi na gidan Bappa yawa, ta ga jakunan wasu gidaje da ƙoren matansu a jere. Ashe ba shi kaɗai ya zo ba. Ya faɗa wa maƙwabta, sun biyo shi.

Jaye ya taho da gudu, rawaninsa a warware. "Adda, mun kore su daga ciyawar, amma sun riga sun ci. Tun jiya suke ci. Kin san yadda suka zo."

Ta bi shi. Ga wata saniya a kwance, ciki a kumbure, ƙafafu a sama, baƙin jini ya bushe a hancinta. Ga wata can. Ga bijimin da Jaye ke ji da shi. Mutane suna tsaye cirko-cirko. Sauran shanun an tattara su a gefen tudu kan busasshiyar ƙasa, suna ta juyowa suna kallon ciyawar, matasa suna tare su da sanduna. Wasu a cikinsu sun riga sun sunkuyar da kai suna rawar jiki.

Bappa yana tsugune a gindin ƙiryar da ta ba fadamar suna. A gabansa Woɗe ce a kwance, jar saniyar nan mai dogon ƙaho, jikar wadda aka ba Lubabatu ranar sunanta. Numfashinta yana fita da ƙyar. Ya juya kanta gabas, ya sa gwiwa a wuyanta, wuƙa tana hannunsa.

"Bappa, kar ka yanka!"

Ya ɗago. Ya tsufa a kwana ɗaya. "Ɓingel am, ɗiyata. Kin zo." Ya dubi saniyar. "Taki ce. Ba na so ta tahi mushe. In na yanka, ko ba komai yara su ci nama."

"Saifa ce, Bappa. In ka zubar da jinin nan, ƙasar ta ɗauka har shekaru. Wanda ya feɗe zai kamu, wanda ya ci zai kamu. Don Allah ka aje wuƙar. Kowa ya aje. Kar a taɓa ko ɗaya, likita na tahe."

Wani dogon mutum daga cikin maƙwabtan ya matso, Kawu ake ce masa, shi ma shanunsa na cikin waɗanda suka faɗi. "Saifa? Ke kin san da saifa a nan?"

"An sani. Likita ya faɗa tun kwanaki."

"An sani," Kawu ya maimaita, yana juyawa ga sauran. "Kun ji. A buro an sani."

Da sun zage ta, da ta fi jin sauƙi. Suka dai kawar da kai, irin kawar da kan da ake yi don kar a kunyata mutum a gaban babansa.

Bappa ya dubi wuƙar. Sannan ya ɗaga gwiwarsa daga wuyan Woɗe, ya mayar da wuƙar kube. Ya zauna a ƙasa kusa da kanta yana kiranta da irin kiran da ake yi wa shanu da yamma, a hankali, har ta miƙe ƙafafu ta yi shiru. Lubabatu tana tsaye tana kallo. Ita ta hana a yanka, kuma ta san daidai ta yi, amma sanin bai rage mata komai ba.

Da ya tashi, ya zaro wayar daga kubenta ya miƙo mata. Taswirar tana buɗe, fadamar shuɗiya fes.

"Ko ni ne ban iya dubawa ba?" ya tambaya. "Idona ya fara rauni. Na ce ko ja ne nike gani shuɗi. Ki faɗa mani, kar ki ji kunyata."

Hanya ce ya buɗe mata, kuma ta ga ya fi so ta bi ta. Ya fi so a ce tsufa ne, a ce idonsa ne, ya ɗauki abin ya kai wa Kawu da sauran.

"Idonka lafiya lau, Bappa. Shuɗi ne. Daga wajenmu ne."

Ta yi ƙoƙarin yi masa bayani. Ta tsuguna ta zana d a rairayi da yatsa, ta zana ɗ a gefenta, ta nuna masa 'yar ƙugiyar da ke sama. Ta ce injin da suna yake gane launi, an goge ƙugiyar, sunayen biyu suka zama ɗaya. Ta ce akwai mai gadi da aka sa ya riƙa dubawa, ita ta rufe masa ido don ya yi sauri. Tana magana tana jin yadda maganar take ƙanƙancewa a bakinta. Ga shanu a kwance, ita kuma tana zane a ƙasa.

Bappa ya sunkuya ya dubi zanen da kyau, kamar yadda yake duban sawu. "Hadari," ya ce a hankali. Ya ɗan tsaya. "Haɗari." Ya sa yatsa ya taɓa ƙugiyar, rairayin ya rufta, ta ɓace. "Wannan ɗan abin?"

"Shi ke nan, Bappa."

Ya gyaɗa kai. Bai ce Allah ya ƙaddara ba, bai ce ba komai ba. Ya goge yatsansa a riga.

Rana ta karkata, likita bai iso ba. Wayar Jaye ta mutu, don haka Lubabatu ta ce za ta hau tudu ta kira. Bappa ya biyo ta, yana tafiya a hankali, sandarsa a kafaɗa. Daga saman tudun ana ganin komai: koren fadamar, baƙaƙen tabo a cikinsa inda shanu suka faɗi, ragowar garken a takure kan busasshiyar ƙasa suna kukan yunwa. Can gabas sama ta fara haɗa baƙi.

Ta samu Malam Tahiru. Ya ce yana hanya, motarsu ta kafe a rairayi ne. Ya ce a haƙa ramuka masu zurfi, kar a ja mushen a ƙasa. Waɗanda suka rage za a yi musu allura, a tsare su wuri ɗaya na ɗan lokaci, waɗanda Allah ya raya sai a nema musu wani wurin kiwo, don ba za su sake sa baki a fadamar nan ba. Ta tambaye shi nawa yake gani za su tashi. Ya ce sai ya gani.

Saƙon Abdurrahaman ya shigo bayan ta kashe. An yi shela a rediyo. Ya kunna launi a gwajin, ya ƙara wani sabo da ke duba jan da idonsa, ya mayar da tsohon kuskuren da gangan ya ga gwajin ya kama shi, sannan ya cire. Yanzu komai kore ne, in ji shi, kore na gaskiya. A ƙarshe ya rubuta, ki yafe mani, Allah ya kiyaye hadari na gaba. Babu ƙugiya. Ta daɗe tana kallon kalmar.

A gefenta wayar Bappa ta yi 'yar ƙara a cikin kubenta. Ta ga rezo. Ya zaro ta, suka sa ido tare. Taswirar ta lumshe, ta buɗe. Fadamar Ƙirya ta yi ja.

"To," in ji Bappa. "Ga shi ta faɗa."

Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa yadda yake yi, ya ja taswirar da babban yatsansa mai kaushi, a hankali, kamar yadda ta koya masa a gindin gawo. Ya wuce jan, ya yi yamma, ya tsaya a kan wani ɗan shuɗi da ke can wajen Cadawa. Ta zaci zai cire igiyar daga wuyansa ya miƙa mata wayar, har ta shirya karɓa. Bai cire ba. Ba shi da wani abin da zai tambaya sai ita, raƙuman da ake aikawa neman ruwa an daɗe da sayar da su, kuma shanun da ke ƙasan tudun ba za su iya tafiyar banza ba.

"Waɗanda suka rage, in likita ya sake su, sai an kai su wani wuri," ya ce. "Kawu zai tambaye ni. Wannan shuɗin fa, ɓingel am? Na ruwa ne?"

Ta san amsar. Ita ta gyara da hannunta, sunan ma yanzu ruwa-ya-sauka ne, gwaji ya duba da ido a buɗe, komai kore. Amma ɗazu ma a buro kore ne. Ta dubi shuɗin, ta dubi yatsan da ke kansa. Ta buɗe baki za ta ce masa i, kalmar ta ƙi fitowa.

Bappa bai matsa mata ba. Ya ci gaba da riƙe wayar a gabanta, yana jira.